Me Ya Sa Ake Kunna Esi Tare da Hita a Lokacin Sanyi?

Tambaya: Tun da sanyi ya shigo, kullum in na fito da mota da asuba sai gilashin gaba ya yi raɓa ta ciki, har ba na ganin hanya. Ina kunna hita, ina gogewa da tsumma, ba a jima ya sake rufewa. Wani ya ce in kunna esi tare da hita, wani kuma ya ce ɓarnar mai ce, kuma tana kashe kwamfaresa. Ni dai na kashe esi gaba ɗaya sai zafi ya dawo. Wanne ne daidai?

Amsa:

Malam, wanda ya ce ka haɗa esi da hita shi ya gaya maka gaskiya. Na biyun ma bai yi ƙarya duka ba, domin esi yana shan mai, sai dai ɗan abin da yake sha bai isa ya sa mutum ya riƙa tuƙi yana leƙen hanya ta 'yar kafar da ya goge da tsumma ba. Maganar kashe kwamfaresa kuwa, wato famfon da yake matsa gas ɗin esi yana zagaya shi, juya ta aka yi. Zama ne yake kashe kwamfaresa, ba aiki ba. Na daɗe ina gyaran esi da hitar mota, kuma kowace shekara da zarar sanyi ya wuce sai an kawo mini motocin da aka yi wa daidai abin da ka ce ka yi. Shi ya sa zan ɗan ja maganar, domin in ka gane abin da ke faruwa a bayan dashbod, hannunka da kansa zai san maɓallin da zai danna.

Mu fara da hita. A motar fetur ko dizal, hita ba ta da zafin kanta, aro take yi daga inji. Man da inji yake ƙonawa, wajen kashi ɗaya cikin uku ne yake komawa tafiya, sau da yawa ma bai kai ba. Sauran duk zafi ne, wani ya bi salansa ya fita, wani ruwan lagireto ya kwashe. In inji ya gama ɗumama, ruwan nan yana kai wa wajen digiri 90 a ma'aunin Salshiyas. A bayan dashbod akwai wani ƙaramin lagireto, girmansa kamar littafi mai kauri, tiyo biyu ne suke haɗa shi da inji, ɗaya ya kawo ruwan zafi, ɗaya ya mayar. Fanka ta hura iska ta cikinsa, iskar ta fito da ɗumi. Hitar ke nan. Zafin da dama zubar da shi za a yi a waje ne aka karkato da shi cikin mota, saboda haka kusan ba ta ci maka komai sai 'yar wutar da fanka take ja.

Wannan ne dalilin da ya sa in ka tada mota da asuba ka murɗa hita har ƙarshe, iska mai sanyi ce take dukan ƙafarka. Ruwan bai yi zafi ba, to me za ta ba ka? Buɗe fanka da ƙarfi a lokacin ma yana ƙara jinkirta ɗumamar injin, tunda kana kwashe ɗan zafin da ya fara tarawa. Motocin da suke daidaita iska da kansu sukan riƙe fanka ƙasa-ƙasa a mintunan farko saboda haka, mai mota ya ɗauka ta lalace, alhali jira take yi.

Esi kuma mutane sun san shi da sanyi kawai, amma aiki biyu yake yi: yana sanyaya iska, yana kuma busar da ita. A lokacin ɗari, busarwar ce muke nema a wurinsa. Ka tuna kofin da aka zuba wa ruwan sanyi aka ajiye a kan tebur, yadda jikinsa yake gumi har ruwa ya gangaro. Ruwan nan ba daga cikin kofin ya fito ba. Laimar da ke cikin iska ce ta taɓa wuri mai sanyi ta koma ruwa. Iska mai ɗumi tana iya ɗaukar laima da yawa, mai sanyi kaɗan take iya riƙewa. In ka ɗauki iskar da za ta cika akwati mai mita 1 a tsawo, faɗi da zurfi, a digiri 20 tana iya riƙe ruwa wajen giram 17. A digiri 5 bai kai giram 7 ba. Bambancin nan dole ya sauka a wani wuri.

A motarka da asuba, gilashin gaba shi ne kofin. Ya kwana a waje ya sha sanyi. Ka shigo kana numfashi, kowane numfashi da tururinsa, kuma mutum ɗaya a zaune yana fitar da ruwa wajen giram 40 a awa ta numfashi da fata. In ku huɗu ne, ka ninka. Ga takalmi mai danshi, ga kafet ɗin da ya sha ruwa bai bushe ba. Sai ka kunna hita ita kaɗai, iska ta yi ɗumi ta tsotse laimar kafet da ta tufafi, ta kai ta ga gilashin da har yanzu yake da sanyi, ta sauke masa. Shi ya sa a farko kamar ma hitar ƙara rufe shi take yi. Tsumma kuwa ruwan da ya riga ya sauka kawai yake kwashewa, laimar tana nan cikin iska tana jiran ka ɗaga hannu, ga kuma dabbare-dabbaren da yake bari, wanda in fitilar wata mota ta haske ka da dare sai gilashin ya zama fari fat.

To ga inda esi yake shigowa. Iskar da ke shiga mota tana bi ta ramin da ke gindin gilashin gaba, ta wuce filta, ta wuce fanka, sannan ta fara cin karo da lagireton sanyi na esi kafin ta isa na hita. Masu ƙera mota da gangan suka jera su haka. Lagireton sanyin nan ana riƙe shi a 'yan digiri kaɗan sama da sifili, don kada ya yi ƙanƙara ya toshe. Iska ta bi ta cikinsa, laimarta ta sauka a jikinsa, ta ɗiga ta wani ɗan tiyo zuwa ƙasan mota. Ruwan da kake gani a ƙarƙashin mota in an kunna esi ke nan. Busasshiyar iskar sai ta wuce lagireton hita ta ɗauki zafi, ta fito da ɗumi kuma da ƙishirwa, duk raɓar da ta tarar a gilashi ta lashe ta. Ba faɗa suke yi da juna ba. Maɓallin esi aikinsa ya kunna kwamfaresa, shi kuwa abin murɗawa mai shuɗi da ja shi ne yake yanke ko ɗumi za ka ji ko sanyi. Kana iya kunna esi ka murɗa zuwa ja, ka zauna cikin ɗumi lafiya lau. Motoci da yawa ma in ka juya iska zuwa alamar gilashin gaba, su da kansu suke kunna kwamfaresa, wasu ko 'yar fitilar maɓallin ba sa haskawa.

Saboda haka gobe da safe ka yi haka. Ka tada mota, ka juya iska zuwa gilashi, ka danna esi, ka murɗa zuwa ja, ka ƙara fanka. Ramukan iska na gefe ka karkata su ga gilasan ƙofa don ka ga madubi. Gilashin baya nasa daban ne, siraran wayoyin nan da aka shimfiɗa a jikinsa su ne suke ɗumama shi da wutar batir, ka danna maɓallinsa, in ya washe ka kashe. In raɓar ta yi yawa ka ɗan sauke gilashin ƙofa kamar faɗin yatsa na minti ɗaya ko biyu. In gaba ya washe, ka rage fanka, ka raba iskar tsakanin ƙafa da gilashi, ka bar esi a kunne. Digiri 20 zuwa 22 ya ishi mai tuƙi. Zafin da ya wuce haka, musamman in yana dukan fuska, gyangyaɗi yake kawowa.

Akwai maɓalli ɗaya da nake so ka duba kafin komai, mai hoton mota da kibiya ta lanƙwasa a cikinta. Shi ne yake rufe ƙofar iskar waje, mota ta riƙa juya ta ciki. A lokacin zafi yana taimaka wa esi ya yi saurin sanyi, kuma in ka shiga bayan babbar mota mai hayaƙi ko cikin ƙura yana da amfani na ɗan lokaci. Amma a lokacin sanyi shi ne babban mai kawo raɓa. Yawancin waɗanda suke zuwa mini da kukan gilashi, in na leƙa sai in ga fitilar maɓallin nan a kunne, tun bara aka danna shi aka manta. Numfashinku ne yake ta zagayawa, laima tana taruwa, iskar kabon dayoksaid da kuke fitarwa ita ma tana taruwa, kai ya yi nauyi, ido ya fara lumshewa a doguwar tafiya. Ka kashe shi, iskar waje ta shigo.

Yanzu batun kwamfaresa, wanda shi ne ya fi damuna a tambayarka. A cikin esi ba gas kaɗai ne yake yawo ba, akwai mai na musamman da yake tafiya tare da gas ɗin. Man nan shi yake shafe cikin kwamfaresa, shi kuma yake jiƙa robobin da suke toshe mahaɗar bututu da bakin sandar da bel yake juyawa. In esi ya yi wata uku ko huɗu ba a kunna shi ba, man ya gangara ya kwanta, robobin su bushe su ƙanƙance, gas ya fara sulalewa a hankali ba ka ji ba ka gani. Na tuna wani da ya kawo mini motarsa a farkon zafi, yana cewa lafiya ƙalau ya kashe esi da sanyi ya shigo, yanzu ya kunna iska kawai yake hurawa. Na haska tocila a hancin kwamfaresa, sai ga wani baƙin zobe na mai da ƙura ya kewaye bayan fulin da bel yake juyawa, na sa yatsa na shafo ya yi danƙo. Ta nan gas ɗin ya bi. Na ɗaura agogon awo, allura ko motsin kirki ba ta yi ba. Mutumin nan tattali ya yi niyya, kuma na ji masa, domin abin da ya kashe a gyara ya fi man da ya yi tsiminsa. Ko ba ka da matsalar raɓa, ka kunna esi na kamar minti 10 a kowane mako, duk tsawon sanyi.

Gas ɗin da yake sulalewa kuma ba aljihunka kaɗai yake taɓawa ba. Tsohon gas na R12 an daina shi ne bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda yana cin rufin ozon na sararin sama. R134a da ya maye gurbinsa a shekarun 1990, wanda har yau shi ne a yawancin motocin da ke kan hanya, yana riƙe zafi a sararin sama fiye da kabon dayoksaid sau 1,400 da 'yan kai. Shi ya sa tun daga 2017 Tarayyar Turai ta hana shi a sababbin motoci, masu ƙerawa suka koma R1234yf. In za a ƙara maka gas, a duba takardar da ke liƙe a ƙarƙashin bonet a zuba irin wanda aka rubuta, kuma a nemo inda yake yoyo tukuna.

Shan mai fa? Bel ɗin inji ne yake juya kwamfaresa, don haka tana ɗora wa inji nauyi, wannan gaskiya ne. Amma nauyin ya danganta da yawan zafin da take fama da shi. A lokacin sanyi matsin gas ɗin yana ƙasa, aikinta kaɗan ne, tana kamawa tana saki, wasu na zamani kuma suna rage bugunsu da kansu. Abin da za ta sha bai kama ƙafar na tsakar zafi ba.

In sanyi ya yi tsanani, ya sauko kusa da sifili, za ka ga ka danna esi amma kwamfaresa ta ƙi kamawa. Ba lalacewa ba ce, motar ce take kare ta. A irin wannan sanyin ma ba a cika buƙatarta ba, domin iskar da take digiri 0 ba ta iya riƙe fiye da giram 5 na ruwa a wancan akwatin namu, da zarar hita ta ɗumama ta ta zama busasshiya. A wuraren da gilashi yake kwana da ƙanƙara ta waje, kankarewa ake yi da abin kankarewa na roba. Kada a zuba masa ruwan zafi, yana iya tsagewa nan take, balle in dama akwai ɗan tabon tsakuwa a jikinsa. Hanya mai sauƙi ta gane raɓar ciki da ta waje ita ce ka kaɗa waifa sau ɗaya: in ta share, ta waje ce.

Kada kuma ka tsaya minti 15 mota tana silo wai kana jiran hita. Inji a silo ɗan mai kaɗan yake ƙonawa, zafinsa ma kaɗan ne, ya daɗe bai ɗumama ba, na dizal ya fi jinkiri. Ka ba shi kamar minti ɗaya baƙin mai ya zagaya, ka tabbata kana ganin hanya sosai, sannan ka tafi a hankali ba tare da taka totur da ƙarfi ba. Cikin 'yan mintuna hita za ta kawo. A Jamus ma doka ce ta hana barin inji yana aiki a tsaye ba dalili. Abin da kuwa nake roƙon ka da shi, kada ka taɓa ɗumama mota a rufaffen gareji, kada kuma ka kwanta barci a cikinta inji yana aiki, gilasai a rufe, don jin ɗumi. Hayaƙin salansa yana ɗauke da kabon monoksaid, ba shi da wari ba shi da launi, yana farawa da ciwon kai da jiri, mutum ya yi barcin da ba ya tashi. Salansar da ta huje a ƙarƙashin mota, ko wadda dusar ƙanƙara ta toshe bakinta, tana iya turo shi ciki ko a fili ake.

In motarka mai lantarki ce, lissafin ya canza, domin babu injin da za a ari zafinsa. Duk ɗumin da ka ji daga batirin tafiya aka cire shi. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada a 2019 ta ga cewa a sanyin wajen digiri 7 ƙasa da sifili, da hita a kunne, nisan da motocin suke iya yi ya ragu da kashi 41 cikin 100. Dabarar ita ce a ɗumama motar tun tana jone da caji, a kuma dogara da ɗumin kujera da na sitiyari, waɗanda wutarsu kaɗan ce. A wasu motocin lantarkin, esi ɗin ne da kansa ake juya aikinsa, ya kwaso zafi daga waje ya shigo da shi, kuma hakan ya fi sauƙin wuta.

Saura in ka yi duk abin da na faɗa amma hita ta ƙi zafi. Ka fara da ruwan lagireto, inji a sanyaye, domin buɗe murfin yana da zafi ƙuna ce. In ruwa ya yi ƙasa ko iska ta shiga layin, lagireton hita ne yake fara rasa rabonsa, alamarsa ita ce ɗumi in kana gudu, sanyi in ka tsaya. Sai ka kalli allurar zafi. In ka yi tafiya mai nisa tana kwance a ƙasa, tamostat ne ya maƙale a buɗe, ko kuma an cire shi. Wannan cirewar tana ba ni takaici ƙwarai. Mota ta yi zafi sau ɗaya, maimakon a nemo dalili sai a zare tamostat a jefar. Shi kuwa shi ne mai tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aiki kafin ya sake shi zuwa lagireto. Babu shi, inji yana yawo da sanyi, yana shan mai fiye da ƙa'ida, yana cin kansa, hita kuma ba ta da abin bayarwa. In allura tana tsakiya amma iska sanyi, ka buɗe bonet ka taɓa tiyo biyun nan da suka shige bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, a hankali, kana nesa da fanka da bel. Ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, lagireton hita ya toshe, yawanci da tsatsar ruwan famfo zalla da aka daɗe ana zubawa. Ruwan lagireto na gaskiya, in an haɗa shi da ruwa rabi da rabi, yana hana tsatsa kuma ba ya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. In duka biyun da zafi, to 'yar ƙofar da ke karkata iska a cikin dashbod ce ba ta motsi. In kuma iskar ce gaba ɗaya ba ƙarfi, ka zaro filtar iska ta cikin mota, galibi tana bayan akwatin da ke gaban fasinja, ka ga abin da ta tara. Sau ɗaya a shekara ya kamata a canza ta.

Akwai wata raɓa kuma da esi ba ya maganinta. In ka kunna hita gilashi ya rufe da wani abu mai maiƙo, ka shafa ka ji santsi, ga wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, ka sa hannu a kafet ɗin gefen fasinja ka ji danshi mai yauƙi, ruwan lagireto kuma yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, to lagireton hita ne ya huje. Ruwan nan guba ne, bai kamata ku riƙa shaƙar tururinsa ba, kuma ruwan da yake tsiyayewa na inji ne. Wasu za su ce a haɗe tiyo biyun a zagaye shi a huta. Hakan zai kai ka gida, amma ka rasa hita, ka kuma rasa rabin abin da yake wanke maka gilashi. A yawancin motoci sai an sauke dashbod kafin a kai gare shi, aikin yini guda ne ko fiye, don haka ka ware rana ka kai ta wurin wanda ya saba sauke irin nata, a canza shi.